Dutsen washin aska: yadda ake zaɓensa da kula da shi a N'Djamena

Dutsen washi shi ne dutsen da ake goga ƙarfe a kansa don a fitar masa da kaifi. Mahauci yana da nasa, manomi da masassaƙi ma kowa da nasa, amma babu mai sana'ar da zaɓen dutse ya shafa kamar wanzami, domin shi ƙarfensa a kan fatar ɗan Adam yake tafiya, wani lokaci ma a kan jaririn da bai wuce kwana bakwai a duniya ba. Askar da aka wasa a dutsen da bai dace ba tana iya yanke igiya, amma a fuska sai ta riƙa tsinkar gashi tana kankare fata, ta bar ƙananan raunuka da ƙuraje. Ta irin waɗannan raunuka ne cuta ke samun ƙofa.

Babban abin da mai saye ya kamata ya riƙe shi ne, dutsen wuƙa daban, dutsen aska daban. Ba a zaɓen na aska da nauyi ko launi ko tsada. Ana zaɓensa ne da laushin ƙwayoyinsa, da daidaiton fuskarsa, da kuma irin aikin da ake so ya yi.

Birnin da ba shi da dutse

Hausawa sun daɗe a N'Djamena, tun tana amsa sunan Fort-Lamy, sunan da ta riƙe daga 1900 har zuwa 1973. Da yawansu hanyar aikin Hajji ta ƙasa ce ta kawo kakanninsu, suka yada zango suka zauna da sana'o'insu, ciki har da wanzanci. Har a Larabcin Chadi ana ce wa mai wannan sana'a wanjami. A tsofaffin unguwannin tsakiyar birni irin su Gardolé, da ke dab da babbar kasuwa, wadda rusau ɗin 2008 ya ci babban ɓangarenta, askin suna da gyaran fuska na ranar Juma'a da na jajibirin Sallah ba su daina kai mutane wurin mai aska ba.

Sai dai birnin yana zaune ne a kan laka da yashi, a mahaɗar kogunan Chari da Logone, kuma ba shi da dutse na kansa. Ko tsakuwar gini daga nesa ake kawo ta, daga wajen Dandi da Hadjer el Hamis, can kusa da Tafkin Chadi. Duwatsun Guéra masu tauri ne da manyan ƙwayoyi, na Ennedi kuma na yashi ne. Dutsen yashi yana wasa gatari da adda, amma mafi yawansa ya yi wa aska kaushi.

Saboda haka duk dutsen washin da ke N'Djamena baƙo ne. Wani ya shigo daga Douala ta Ngaoundéré da Kousseri ya haye gadar Nguéli, wani ya biyo hanyar Maiduguri da Gamboru da Fotokol, wani kuma a jakar matafiyi ya zo. Wanzamin da ke ƙasar duwatsu yana iya tsintar nasa ya gwada a banza. Na N'Djamena da kuɗinsa yake gwaji, don haka gara ya san abin da yake nema tun kafin ya shiga kanti. A kasuwa, Bafaranshe ya ce pierre à aiguiser, askar naɗewa kuma coupe-chou ko rasoir droit. Da Larabcin Chadi aska ita ce mus, dutse kuma hajar.

Abin da dutse ke yi wa aska

Kowane dutsen washi tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suka fi ƙarfe tauri. Idan aka goga aska, kowace ƙwaya tana kartar ƙarfen ta ɗebe ɗan abu kaɗan. Manyan ƙwayoyi suna ci da sauri, amma suna barin zane mai zurfi, sai bakin askar ya zama kamar haƙoran zarto. Ƙananan ƙwayoyi suna ci a hankali, suna shafe zanen da manyan suka bari.

Shi ya sa washin aska ke tafiya mataki uku. Na farko gyara ne, wato cire giɓi ko tsatsa da miƙe bakin da ya karkace. Na biyu kafa kaifi ne, wato a ci gefe biyu na bakin har su haɗu a layi ɗaya tun daga gindi zuwa tsini. Na uku sulɓantawa ne, a goge zanen har bakin ya yi sumul. Mataki na biyu shi ne ginshiƙi: idan gefe biyun ba su haɗu ba, ko an kwana ana goga aska a dutse mai laushi, sheƙi kawai za ta yi, ba za ta yi aski ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Duwatsun masana'anta suna zuwa da lamba, wadda a Faransanci ake kira grain. Ƙaramar lamba tana nufin kaushi, babba tana nufin laushi. Ana auna ƙwayoyin da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kama daga mikiron 50 zuwa 100.

A ma'aunin Japan, wanda ake kira JIS, ƙwayar dutse mai lamba 1000 tana kusan mikiron 11 da rabi, ta 4000 mikiron 3, ta 8000 kuma ɗan sama da mikiron 1. Amma Turai tana da nata ma'aunin, FEPA, wanda ake sa wa harafin F a gaba, kuma lambobinsu ba ɗaya ba ne. F500 yana kusa da 1000 na Japan, F1200 kuma daidai yake da 4000 na Japan. Takardar goge katako, wato samfefa, ita ma da nata lissafin mai harafin P: ƙwayar P1200 ta kai mikiron 15, ta fi ta F1200 girma har ninki biyar. Wanda ya dubi lamba bai dubi harafin da ke gabanta ba yana iya sayen abin da ba shi yake nufi ba. Haka kuma ma'aunin Japan a 8000 ya tsaya. Lambobin da suka haura haka, irin su 10000 da 12000, kowane kamfani da yadda yake ƙiyasta nasa.

Bisa ma'aunin Japan, ga yadda aikin ke rabuwa:

- 220 zuwa 600: gyaran babban giɓi kawai, kuma da wuya a buƙace shi.
- 1000: kafa kaifi.
- 3000 zuwa 5000: shafe zanen da 1000 ya bari.
- 8000 zuwa sama: gamawa, kafin a kai aska kan fata.

Duwatsun masana'anta

Wanda ya fi yawa a kasuwannin yankin shi ne dutsen nan mai launin toka ko kore mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai dama-dama. Galibi da Carborundum ake yin sa, sinadarin da Ba'amurke Edward Acheson ya haɗa a 1891, ko kuma da alumina. Lambarsa takan tsaya tsakanin 100 da 300, wato ƙwayarsa ɗaya ta kai kaurin gashin da ake son askewa ko kusa da haka. Abokin mahauci ne da mai tuyar tsire. Idan aka ɗora masa aska, a ɗan lokaci zai cinye ƙarfen da ya isa aikin shekaru, ya kuma bar bakin da tsattsage. Amfaninsa ga wanzami bai wuce ceto askar da ta faɗi ta yi giɓi ba.

Sai duwatsun ruwa, waɗanda Japan ta yi suna a kansu, irin su King da Naniwa da Shapton, da kuma Norton na Amurka mai fuska biyu, 4000 da 8000. Suna ci da sauri, kuma laushinsu ɗaya ne daga wannan dutse zuwa wancan. Aibinsu shi ne suna saurin yin kwarmi a tsakiya. Akwai kuma masu araha da ba su da sunan kamfani, waɗanda ake bugawa 1000/6000 ko 3000/8000 a jikinsu. Sau da yawa fuskar da aka ce 8000 ce ba ta kai hakan ba, don haka irin wannan sai an gwada kafin a yarda da lambarsa.

Faranti mai ƙurar daimon shi ma yana zuwa kasuwa. Ba ya yin kwarmi, kuma ya fi komai dacewa da miƙe fuskar sauran duwatsu, amma zanensa yana da zurfi, bai dace da gama washin aska ba.

Duwatsun da aka haƙo daga ƙasa

Waɗannan ba su da lamba ta gaskiya, kowane yanki da halinsa. Wanda ya fi shahara a ƙasashen da ke magana da Faransanci shi ne coticule, dutse mai launin rawaya da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam. Cike yake da ƙananan ƙwayoyin ma'adinin garnat masu kama da ƙwallo, waɗanda ke shafar ƙarfe ba tare da zurfafa zane ba. Idan aka goga masa ɗan guntun dutse irinsa da ruwa, sai wani farin ruwa mai kama da madara ya fito. Da wannan ruwan yana ci da sauri. Idan aka riƙa tsinka shi da ruwa har ya koma garau, sai ya koma sulɓantawa. Ta haka dutse ɗaya ke iya ɗaukar aikin biyu. Ɗan'uwansa mai launin shuɗi, daga wuri ɗaya suke, ya fi araha kuma ya fi jinkiri.

Dutsen Arkansas na Amurka, daga duwatsun Ouachita, yana da nau'i-nau'i. Mai laushin jiki na wuƙa ne. Baƙin da kuma wanda haske ke ratsawa su ne na gama aska. Yana da jinkiri ƙwarai, amma da ƙyar yake zaizayewa. Jamus tana da dutsen Thuringe, wanda wanzaman Turai suka daɗe suna gama washi da shi. Japan tana da na kewayen Kyoto, masu tsada da buƙatar gwaninta. Daga yankin Guangxi na ƙasar Sin kuma ana kawo wani mai launin toka da ake sayarwa da lambar 12000. Yana da araha da jinkiri, kuma ingancinsa ya danganta da yankin da mutum ya dace da shi. Dutsen Pyrénées na Saurat a Faransa mai kyau ne, sai dai matsakaici ne, ya fi dacewa da wuƙa.

Askar maƙera da askar Turai

Irin askar da ke hannu ita ma tana da ta cewa. Askar Turai, irin ta Solingen a Jamus ko Thiers a Faransa ko Sheffield a Ingila, an rarake gefenta, bayanta kuma yana da kauri. An yi ta ne don a kwantar da ita a kan dutse, baya da baki su taɓa tare, sai kusurwar kaifin ta fito da kanta, wajen digiri 15 zuwa 17. Ba a ɗaga bayanta ko kaɗan. Irin wannan tana buƙatar dutse mai shafaffiyar fuska sosai, domin duk kwarmin da ke jikin dutsen zai koma bakinta.

Askar da maƙeran gida suka ƙera, idan bayanta ba shi da kauri, sai an ɗan ɗaga shi da hannu, kuma riƙe kusurwa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe shi ne gwanintar. Ƙarfenta ya danganta da abin da aka ƙera ta da shi da yadda aka ba ta ruwa. Mai taushin ƙarfe tana kama kaifi da wuri, tana sakinsa da wuri, kuma takan yi ɗan siririn leɓe a baki wanda ke lanƙwashewa gefe, abin da Faransawa ke kira morfil. Ga irinta, dutse mai tauri da jinkiri ya fi mai saurin ci.

A dukkansu, a kan dutse baki ne ke gaba, kamar za a yanko ɓawon dutsen, ana jan askar a karkace don dukan tsawonta ya taɓa. Idan za a juya, ta kan baya ake juyawa. Nauyin hannu yana raguwa yayin da dutse ke ƙara laushi, har a ƙarshe nauyin askar kaɗai ya rage.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Tsawon bakin aska yakan kai santimita 7 zuwa 8, don haka dutsen da bai kai santimita 15 a tsawo da 5 a faɗi ba zai ba da wahala. Bayan girma, sai a duba abubuwa huɗu.

Na farko, daidaiton fuska: a ɗora rula ta ƙarfe a tsaye a kan dutsen a ɗaga su wajen haske. Idan haske na ratsawa ta tsakiya, akwai kwarmi. Na biyu, tsaga: a jiƙa dutsen, domin tsagar da ba ta fitowa a bushe tana bayyana idan ruwa ya shige ta. Na uku, baƙin abu a jiki: ɗigo ko jijiyar da farce ke tuntuɓe da ita tana iya yi wa aska giɓi. Na huɗu, laushi: a goga bayan cokali ko tsohuwar wuƙa. Dutse mai kaushi yana ƙara kuma yana barin zanen da ido ke gani. Mai laushi shiru yake tafiya, ya bar sheƙi. Dutsen gama aska, idan aka shafa shi da yatsa, kusan kamar tangaran ake jin sa.

Kwarmi ba ya hana sayen dutse mai kyau, domin yana gyaruwa. A shimfiɗa samfefar da ba ta tsoron ruwa, P220 zuwa P400, a kan gilashi mai kauri, a zana layuka da fensir a fuskar dutsen, a goga har layukan su ɓace gaba ɗaya, sannan a ɗan kashe kaifin gefunan. Sabon dutse ma yana buƙatar wannan. Goga dutse mai laushi a daɓen siminti kuwa ɓata shi ne, don yashi zai shige jikinsa.

Ruwa, mai, ƙura da rana

Duwatsun Japan da coticule da na Thuringe da ruwa suke aiki. Arkansas da Carborundum an fi amfani da su da mai mara kauri, irin na keken ɗinki. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su toshe dutse. Dutse mai shan ruwa, da zarar ya sha mai, da wuya ya koma aiki da ruwa.

Yanayin N'Djamena yana da nasa sharaɗin. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma jiƙaƙƙen dutsen masana'anta da aka bari a rana yana iya tsattsagewa. A inuwa ake shanya shi. Wasu ma ba a tsoma su a ruwa, yayyafa musu ake yi, don haka a karanta abin da ke jikin kwalin. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ga shi kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi yana cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya. Ƙwayar yashi ɗaya ta fi ƙwayar dutse mai lamba 8000 girma sau hamsin ko fiye, kuma ita kaɗai ta isa ta ɓata washin rabin sa'a. A wanke dutse kafin aiki, a naɗe shi a tsumma mai tsafta bayan ya bushe, kada a jefa shi cikin zabira tare da almakashi da ƙaho. Da damina kuwa aska ce ke buƙatar ɗan shafin mai saboda tsatsa.

Fata ce ta kullum

Dutse cin ƙarfe yake yi, don haka ba kullum ake kai masa aska ba. Abin yau da gobe shi ne fatar washi, cuir à rasoir, wadda ke miƙar da bakin da aski ya lanƙwasa. A kan fata baya ne ke gaba, baki yana biye, saɓanin dutse. Jan 20 zuwa 40 kafin kowane aski ya isa. Fata mai santsi da ba ta da ɗinki ko ƙulli, irin wadda dukawa ke iya yankowa, tana yin aikin. Wasu suna shafa wa wata fatar daban koren man goge ƙarfe, wanda ƙwayarsa ke kusan rabin mikiron, don farfaɗo da kaifi. Sai fata ta kasa sannan a koma dutse mai laushi. Dutsen 1000 kuwa sai in an sami giɓi. Alamar an gama ita ce, idan aka fuskanci bakin askar da haske ba ya ƙyalli ko'ina, kuma tana tsinke gashin hannu ba tare da an danna ta a fata ba.

Kaifi daban, tsafta daban

Washi ba ya kashe ƙwayar cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Ƙwayar wannan cuta tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki, ko a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma wanda ya kamu da ita yana jariri shi ya fi shiga hatsarin zama da ita har tsawon rai. Ciwon hanta nau'in C da ƙanjamau su ma ta jini suke bi.

Dutse da fata suna shan duk abin da ya taɓa su, kuma ba a iya dafa fata. Saboda haka askar da ta taɓa mutum ba ta hawa dutse ko fata sai an wanke ta da sabulu an tsarkake ta. Tofa yawu a kan dutse da goga aska a tafin hannu, duk da an saba, gara a bar su. Tafasa ƙarfen na minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, yana kashe waɗannan ƙwayoyi kuma ba ya taɓa ƙarfin askar, muddin an tsane ta nan take. Harshen wuta kuwa yana kashe ƙarfin siririn baki: idan ya yi launin shuɗi, ya yi taushi ke nan, babu dutsen da zai sa ya riƙe kaifi. Ruwan Javel yana cin ƙarfe idan aka bar aska ta jima a ciki.

Mafi aminci shi ne kowane mutum da askarsa, ko kuma mariƙin da ke ɗaukar rabin reza, a ɓare sabuwa a gaban mai aski a jefar bayan an gama. Ga kan jariri ranar suna, da duk aikin da ke fitar da jini, sabuwar reza ita ce ta dace komai kyawun washin tsohuwar aska.

Wa ke buƙatar me

Magidancin da ke aske kansa da askarsa mai lafiya, dutse ɗaya mai laushi da fata sun ishe shi shekaru. Wanzamin da ke aiki kullum yana buƙatar dutsen 1000, da mai fuska biyu na 4000 da 8000 ko coticule, da fata, da gilashi da samfefa, da kuma asake fiye da ɗaya don a riƙa tafasa wasu ana aiki da wasu. Mai gyaran tsofaffin asake ne kaɗai ke da hujjar ƙara dutse mai kaushi.

Idan kuɗi ba su isa duka ba, a fara sa su a kan mai laushin. Mai kaushi ana samunsa a kowane kanti, ana iya aron sa ma wurin maƙwabci, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ake nemansa. Mai laushin shi ne wanda ba a cika samun na gaskiya ba, kuma shi ne aikinsa ke bayyana a fuskar wanda aka yi wa aski.